Katin da Ya Fi Akwatinsa Tsawo

Yayana suna biyu gare shi. Wanda ya raɗa wa kansa shi ne Injiniya. Wanda mutanen layinmu suka raɗa masa kuwa Minti Biyar, domin duk abin da ya lalace, daga famfo har motar ɗaukar yashi, in ya leƙa sai ya ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne." Fankar ɗakin Mama tun bara take cikin minti biyar ɗin nan, kanta a ƙarƙashin gado, fuka-fukanta a bayan ƙofa.

Ni kuma ɗan shago gare ni, tsakanin shagon Tela da rumfar Mai Walda. Ina buga takardu, ina gyara hotuna, ina haɗa bidiyo idan an samu. Duk arzikin shagon kwamfuta ɗaya ce, tsohuwa, irin mai akwati da ake ajiyewa a gefen tebur. Shekarar da na gama makaranta na rasa aiki, Yaya ne ya sayar da babur ɗinsa ya saya mini ita, ya koma tafiya a ƙasa wata da watanni bai taɓa yi mini gori ba. Shi ya sa duk wanda zai ce wa Yaya a'a, ni bakina ba ya iyawa.

Ranar Litinin Shugabar makarantar da ke ƙarshen layi ta ba ni aiki mafi girma tun da na buɗe shago: bidiyon da za a haska wa iyaye ranar Asabar, wurin yaye ɗalibai. Ta faɗa mini a fili cewa in ya yi kyau, duk bugun makarantar ya zama nawa, takardun jarrabawa da katin shaida da komai. In bai yi ba, akwai wani babban shago a bakin titi da ke jira.

Kwamfutata tana iya aikin, sai dai a hankali. Idan ina duba bidiyo kafin in kammala, yana tafiya yana tsayawa. Idan na kammala kuma, sai na bar ta ta fitar da shi cikakke, abin da nake kira dahuwa, kuma dahuwar nan awa goma take ci. Na riga na yi lissafina. In gama haɗawa Laraba, ta dafa Alhamis, in kai Juma'a. Ba abin da ya rage sai a bar ni.

Malamar kwamfuta ta makarantar tana shagon, ta kawo mini hotunan yara a 'yar filas ɗin kwamfuta, sai ga Yaya ya shigo da sukundireba a aljihun gaba. Ya tsaya a bayana yana kallon Shugaba a allo tana ɗaga hannu, hannun ya maƙale a sama, ya sauko, ya sake maƙalewa.

"Auta, wannan ne za ki kai gaban mutane?"

"Idan ta dafa ba ya tsayawa, Yaya."

"Katin hoto ne matsalarki. Babu shi. Abin da ke ciki na yara ne. In na sa miki babba, dahuwar awa goman nan za ta koma ta shan ruwa."

Malama mace ce mai magana a hankali, ba ta son jayayya. Ta ce gaskiya ne katin hoto zai taimaka, amma tsohuwar kwamfuta ba a saya mata kati da ka. Abu huɗu ake dubawa. A auna cikin akwatin a ga ko katin zai shiga. A duba gurbin da ake soka shi a jikin babban allon ciki. A karanta ƙarfin akwatin wuta, a ga ko yana da wayar da za ta ciyar da katin. Sannan a duba ko wayar allon kallo za ta shiga bayansa.

"In kana so in rubuta maka," in ji ta.

"Malama," in ji Yaya, yana murmushin tausayi, "ku a littafi kuka karanta. Mu da hannu muka taɓa."

"To ko tsawon dai a auna."

Tela, wanda bango ɗaya ya raba mu kuma kunnensa kullum yana shagona, ya leƙo da tef a wuya ya miƙa. Yaya bai ko kalli tef ɗin ba. Ya buɗe tafin hannunsa, ya ɗora a saman akwatin daga waje, ya yi kamu ɗaya, ya yi na biyu, ya gyaɗa kai.

"Kamu biyu. Na riƙe."

"Hannunka ne zai shiga ko katin?" in ji Tela.

"Kai dai ka je ka ƙarasa wandon mutane."

Na buɗe baki zan ce a bari sai bayan Asabar. Na tuna babur. Na rufe.

Talata da hantsi Yaya ya iso da kwali a kafaɗa, yana haki, mutum huɗu na biye da shi don ganin abin da ke ciki. Babban talabijin ɗin falonsa ya kai wa wani mai sayar da kayan hannu aka ba shi katin, matarsa kuwa ya ce mata ya kai gyara. Da ya buɗe kwalin, har ni sai da gabana ya faɗi. Abin baƙi ne, mai fanka uku a jere, nauyinsa ya kai na bulo.

"Ta yaya ka zaɓe shi, Yaya?"

"Ɗagawa na yi. Duk na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya fi nauyi."

Ya kwance murfin gefe, ya hure ƙurar shekaru a fuskar Mai Askin layinmu da ya leƙo, ya kama katin da hannu biyu ya cusa. Gindin ya shiga. Kan ya tsaya a waje. Ya juya shi, kan ya shiga, gindin ya tsaya a waje. Ya gwada a karkace. Ya kwantar da akwatin ya gwada daga sama, yana danna shi da gwiwa, sai da na riƙe masa riga.

Tela ya zo ba tare da an kira shi ba, ya ja tef ɗinsa a kan katin, ya ja a cikin akwatin.

"Kati santimita talatin da biyu. Wuri ashirin da huɗu."

"Tef ɗinka ya miƙe."

"In ya miƙe ai duka biyun ya miƙe musu."

"Kamu biyu na auna."

"Daga waje ka auna, Injiniya. Ciki akwai kaya. Ko riga ba a auna ta daga inuwar mutum."

Yaya ya tsura wa akwatin ido, irin kallon da duk gidanmu muka sani muke kuma tsoro. Daga nan ya ɗaga kai ya ce matsalar ba ta katin ba ce, akwatin ne ya yi gajarta, kuma gajartar akwati aikin minti biyar ne. Ya ƙwala wa Mai Walda kira.

Mai Walda mutum ne da bai taɓa tambayar dalili ba. In ka nuna masa ƙarfe ka ce yanka, zai yanka, ko ƙofar gidansu ce. Ya shigo da injin yanka ƙarfe a hannu yana tambaya daga ina zuwa ina. Abin da kawai na iya yi shi ne na roƙa a ciro kayan ciki tukuna. Yaya ya ce dama abin da zai yi ke nan. Ya ciro komai ya baje a kan teburina, ya zuba sukurori a kofin shan ruwana, ni kuma na ɗauke rumbun ajiya, inda duk aikina yake, na sa a jaka na rungume.

Aka fitar da akwatin bakin titi. Tartsatsi ya tashi, masu wucewa suka tsaya. Mai Walda ya yanke kejin ƙarfen da ke ciki, aka gwada, saura yatsa uku. Ya huda gaban akwatin, aka gwada, saura yatsa ɗaya. Ya faɗaɗa ramin, a nan ne ya haɗa da maɓallin kunnawa ya yanke.

"Wannan ɗan abin yana da amfani?" in ji shi, yana ɗaga shi sama.

"Ado ne," in ji Yaya.

"Da shi nake kunna ta," na ce.

"To ado ne mai amfani. A ɗaure shi da salatif."

Talata ta tafi a haka. Laraba aka yi mayar da kaya. Yaya ya mayar da komai, ya rage sukurori biyar da wata waya da ya rantse ba daga ciki ta fito ba. Ya danna maɓallin da ke reto a salatif. Kwamfuta ta yi ƙara uku ta yi shiru. Ya sake dannawa, ta sake yin uku.

"Gaisuwa take yi wa katin," in ji shi.

Haka ta yi ta gaisuwa har la'asar. Ya kwance, ya ɗaure, ya zargi wutar layinmu, ya zargi Mai Walda, ya zargi Tela da mugun ido. Sai da zai tafi gida ya sa hannu a aljihu neman mukulli, ya ciro wasu 'yan siraran alluna biyu kore, waɗanda kwamfuta ke riƙe tunaninta da su. Tun jiya suna aljihunsa tare da mukullai. Ya kalle su, ya kalle ni, ya ce dama gwada ta yake ya ga ko za ta lura.

Alhamis da safe aka zo kan katin kansa. Ya shiga gurbinsa, wannan kam Allah ya taimake mu, ɗaya cikin huɗun Malama ya dace da kansa. Amma kansa ya leƙo ta ramin gaba kamar harshe, murfin gefe ya ƙi rufuwa, nauyinsa kuma ya sa yana sunkuyawa. Tela ya kawo ragowar ƙyalle aka ɗaure shi da saman akwatin.

A gefen katin akwai wasu ƙananan ramuka takwas a jere biyu. Na nuna su.

"Yaya, nan ba a soka komai?"

"Na shan iska ne."

"Malama ta ce akwai wayar da ke ciyar da shi."

"Kin ga wata waya mai baki takwas a cikin akwatin nan?"

"Babu."

"To da ana bukata ai da an sa."

A ƙasan kwalin akwai wata 'yar gajeriyar waya mai baki takwas a gefe ɗaya, baki biyu a ɗaya gefen. Yaya ya juya ta, ya ce kyauta ce ake sa wa manyan kwastomomi, ya jefa aljihu.

Saura wayar allon kallo, tsohuwa mai shuɗin kai da 'yan ƙusoshi biyu. Ya zagaya bayan katin da ita. Ramukan katin duk sirara ne, ita kuwa kanta fato-fato. Ya gwada na farko, ya gwada na biyu, ya fara neman guduma, na ce wallahi in ya buga zan kira Mama. Sai ya mayar da ita tsohon raminta na da, inda take tun ranar da aka sayo kwamfutar, ya ce ai duk cikin gida ɗaya ne, katin zai aiko da hoton ta ciki.

Ya danna maɓalli. Allo ya kawo. Wata 'yar fitila a jikin katin ta kama, tana canja launi daga ja zuwa kore. Yaya ya juyo ya fuskanci jama'ar da suka cika ƙofar shago, ya buɗe hannuwa.

Na kunna bidiyon. Shugaba ta ɗaga hannu, hannun ya maƙale a sama, ya sauko, ya sake maƙalewa.

"Kun ga launi?" in ji Yaya.

"Gaskiya launi ya fito," in ji Mai Walda.

"Ni har na ga ta ƙara yarinta," in ji Mai Aski. "Da can fuskarta ba haka take ba."

"Ni dai ban ga komai ba," in ji Tela.

"Kai idonka ya saba da ramin allura."

"Yaya, har yanzu yana tsayawa," na ce. "Kuma fankokin ba sa juyawa."

"Aikin bai kai ya sa shi gumi ba. Tsayawar kuma sabo yake yi. Ke ranar da kika fara zuwa makaranta da gudu kika shiga?"

Ranar Alhamis da azahar na koma kan aikin da ya kamata in gama Laraba. Na yi Alhamis, na yi Juma'a, ban ɗaga kai ba, Yaya kuwa yana bakin ƙofa a kan benci yana shigo da mutane biyu-biyu su ga fitila. Sai Asabar da safe na sa hoton ƙarshe. Na danna dahuwa don in gani ko katin zai yi abin da aka ce. Kwamfuta ta rubuta awa goma, kamar kullum. Taro kuwa ƙarfe sha ɗaya.

Na zauna na rasa abin yi, idona ya cika. Dabara ɗaya ta rage: a ɗauki kwamfutar a kai zauren, in kunna bidiyon ɗanye daga inda nake haɗa shi, da tsayawarsa da komai. Ni kunya nake ji. Yaya kuwa kamar an ce masa an ba shi kujera.

"Dama haka ya kamata. Mutane su ga injin da idonsu."

A baron Mai Walda aka ɗauke ta, an shimfiɗa bargo. Yaya na gaba cikin sabon ɗinki yana kore mutane daga hanya, Mai Walda na turawa, ni ina gefe ina riƙe da harshen katin kada ya karye, Tela da Mai Aski na biye ba wanda ya gayyace su.

Zauren ya cika. Iyaye a kujeru, yara a gaba cikin rigunan yaye, Shugaba a babban tebur. Malama ta riga ta kafa majigi yana haska farin bango. Da aka sauke kwamfutar a tebur, ta daɗe tana kallonta, ramin, ƙyallen, salatif ɗin. Ta zagaya baya, ta ga shuɗiyar waya a tsohon raminta, ta leƙa ramuka takwas ɗin da ba komai a cikinsu, ta kalle ni. Na sunkuyar da kai.

"Majigin yana karɓar waya iri biyu," in ji ta a hankali. "Mu bar shuɗiyar a inda take, a wuce wurin."

Yaya ya hango ɗaya wayar a hannunta, baƙa siririya. Ya karɓa, ya gwada a bayan katin, ta shige daidai.

"Kin gani? Wannan ce tasa. Mu kawo kati irin wannan gaban jama'a mu sa masa wayar tsofaffi?"

"Injiniya, ka bari."

"Malama, koma ki zauna ki huta."

Kafin a ankara ya karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa. Ya yi sallama, ya gabatar da kansa, ya ce abin da iyaye za su gani yau ba a taɓa haska irinsa a zauren nan ba, kuma duk mai kwamfutar da ke ciwo a gida ya same shi bayan taro. Ya ce a kashe fitilu. Aka kashe. Ya danna maɓallin salatif da ɗan yatsa ɗaya.

Bango ya yi baƙi. Sai ga rubutu fari, layi biyu, da Turanci, kowane harafi ya kai tsawon hannu.

"Sunan fim ɗin ke nan?" wata uwa ta tambaya.

Malama ta matso kusa da Yaya don ta faɗa masa a kunne, ta manta makirufo na hannunsa a kunne. Duk zauren ya ji muryarta.

"Katin ne yake magana. Ya ce don Allah a kashe kwamfuta a sa masa wayar wuta. Bai samu wuta ba."

"Tun yaushe?" in ji Yaya, shi ma a makirufo.

"Tun da aka sa shi."

Daga can baya muryar Tela ta taso, ba tare da makirufo ba. "Wato tun Alhamis yana zaune ne kawai yana kunna fitila?"

Dariya ta fara daga layin baya tana gangarowa. Wani ya tambayi Mai Aski yarintar da ya ce ya gani, Mai Aski ya ce shi dama daga nesa ya tsaya. Shugaba ba ta yi dariya ba. Agogonta ta kalla, sannan ta kalle ni, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Yaya ya shafa aljihu. Fuskarsa ta washe. Ya zaro 'yar wayar nan ta manyan kwastomomi, da ta biyo mukullansa zuwa sabon ɗinkin, ya ɗaga sama.

"Ga ta. Dama na tanada."

"Kada ka sa," in ji Malama, karo na farko da na ji ta ɗaga murya. "Karanta jikin akwatin wutar. Ƙarfinsa wat ɗari biyu da arba'in ne. Kwalin katin ya ce ɗari shida da hamsin."

"Wuta ai wuta ce, Malama. In ta ga aiki za ta ƙara himma."

A nan ya kamata in yi magana. Na sani, har yau na sani. Na tsaya ina kallo ya kashe, ya soka baki biyu a wayoyin ciki, ya soka baki takwas a ramukan shan iska, ya kunna.

Fankoki uku suka tashi lokaci ɗaya, suka kwashe takardar jawabin Shugaba daga tebur. Allo ya kawo. Na buɗe bidiyon na danna. Shugaba ta bayyana a bango, ta ɗaga hannu, hannun ya tafi sumul ya sauko sumul, bai maƙale ba. Wallahi kyau ya yi. Na ƙirga daƙiƙa bakwai ina ƙaunar yayana fiye da kowa a duniya.

A ta takwas aka ji fat. Bango ya mutu. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, ya biyo da warin ƙonannen roba, layin gaba suka ja kujeru baya.

Yaya ya zaro sukundireba, ya kai makirufo baki.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Wannan aikin minti..."

"Biyar!" rabin zauren suka ƙarasa masa.

Ni ban ji dariyar ba. Rumbun ajiya nake tunani, duk aikina da hotunan yaran mutane, da shagon da nake buɗewa kowace safiya. Yaya ya sunkuya zai kwance akwatin wuta. Na riƙe hannunsa.

"Yaya, ajiye."

"Auta, bari in..."

"Ajiye sukundireban nan. Kai ka saya mini ita, ban manta ba, ba zan taɓa mantawa ba. Amma da ita nake ci. Ka matsa."

Hawaye na zuba, kuma makirufon bai mutu ba. Yaya ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ajiye sukundireban a tebur a hankali, ya ja baya taku biyu.

Na kwance ƙyallen Tela, na zare katin da hannuna, na miƙa masa. Ya karɓa ya rungume, yana ƙona shi bai sake shi ba. Malama ta ruga ɗakin kwamfutocin makaranta ta ciro akwatin wuta daga ɗaya, Shugaba kuma ta ce a fara raba kyaututtuka kafin nan. Ni da Malama muka canja, ita tana faɗa ina sokawa. Muka bar shuɗiyar waya a raminta, muka kai ɗaya kan jikin majigi. Na rufe ido na danna maɓalli.

Ta yi 'yar ƙarar nan tata ta kullum, ƙara ɗaya. Komai yana nan.

Bidiyon ya tafi yadda ya saba, yana tafiya yana tsayawa. Sai dai duk inda ya tsaya, fuskar wani yaro ce cike da bango. Uwar farko ta miƙe ta ɗauka da wayarta. Ta biyu ta yi haka. Kafin a kai rabi, iyaye na roƙon ya tsaya a kan nasu, in ya wuce ba tsayawa a ji ana gunaguni. Wani dattijo a layin gaba ya juyo ya tambaya wa ya yi dabarar tsayar da hoto don mutane su samu ɗauka.

Yaya, daga jikin bango, da kati a ƙirji, ya buɗe baki. Na kalle shi. Ya rufe.

Bayan taro Shugaba ta kira ni gefe. Ta ce ta ga abin da ya faru, ta kuma ga wadda ta gyara. Bugun makaranta nawa ne, da sharaɗi ɗaya: duk ranar da zan kawo aiki, ni kaɗai zan zo. Na ce na yarda tun kafin ta rufe baki.

Lahadi ban ga Yaya ba. Na ji dai matarsa ta gano inda talabijin ya je gyara, kuma maƙwabta sun ji sauran bayanin. Raina bai yi daɗi ba, don duk haukarsa saboda ni ya yi.

Litinin da safe ina share shago sai ga shi, ba sukundireba a aljihu. Tef ɗin Tela ne a wuyansa, a hannunsa kuma takarda da rubutun Malama, layi huɗu. Ya tsaya a ƙofa bai shigo ba sai da na ce ya shigo. Ya ce mai kayan hannu ya yarda ya karɓi katin ya mayar da talabijin, kuma akwai wani ƙaramin kati mai fanka ɗaya da Malama ta ce wataƙila ya dace, in an duba.

"Ba zan taɓa ba," in ji shi. "Aunawa kawai."

Na matsa masa. Ya durƙusa gaban akwatin, ya ja tef, ya tsaya yana kallon aikin Mai Walda.

"Auta, da ramin zan auna ko ban da ramin?"

"Ban da ramin, Yaya."

Ya auna, ya rubuta. Ya sake aunawa, ya sake rubutawa. Ya leƙa jikin akwatin wuta yana karanta lambobin da yatsa, bakinsa na motsi.

"In an samo, minti nawa zai ɗauka?" na tambaye shi.

Ya kalli takardar Malama.

"Ban sani ba," in ji shi.

Ta bayan bango na ji keken Tela ya tsaya cak. Sai ga kansa ya leƙo.

"Maimaita, Injiniya. Mai Walda bai ji ba."